Jirgin Ƙasa Na Kano Zuwa Maraɗi: Wane Shiri Garuruwan Kan Hanya Suka Yi?

Tun daga watan Fabrairu na 2021, lokacin da aka aza harsashin aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, yawancin maganar da ake yi a kan aikin ba ta wuce tambayoyi biyu ba, watau nawa zai ci, kuma yaushe za a gama shi. Amma akwai tambaya ta uku wadda ba a cika yin ta ba, alhali kuwa ita ce ta fi shafar talaka: ran da jirgin ya fara tsayawa a garuruwan da ke kan hanya, shin zai tarar an tanadi ruwa da tituna da filaye da makarantu domin jama'ar da zai jawo?

Kamar yadda aka sani, tsawon layin kilomita 284 ne, kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar a kan kuɗi kusan dala miliyan 2,000. An tsara zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sa'an nan ya ƙetare iyaka zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tare da wani reshe da zai nufi Dutse. Ke nan aikin ya ratsa jihohi uku, Kano da Jigawa da Katsina, da ƙananan hukumomi masu yawa, da kuma wata ƙasa dabam. Gwamnatin Tarayya za ta shimfiɗa ƙarfe ta gina tashoshi. Abin da ke bayan katangar tasha kuwa ba ya cikin kwangilar.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da jirgi yake yi wa gari. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ba a ɗauki wani dogon lokaci ba cinikin gyaɗa ya bunƙasa, baƙi suka yi ta kwarara, Sabon Gari ya kafu a wajen ganuwa. Haka kuma Ƙaurar Namoda, inda layi ya tsaya a 1929, da Nguru, inda ya tsaya a 1930, suka zama manyan wuraren saye da sayarwa. Duk inda aka kafa tasha, 'yan dako da masu abinci da direbobi da dillalai za su bi, kuma kowannensu yana bukatar wurin kwana da ruwan sha da makarantar da zai sa ɗansa.

Misalan da suka fi kusa su ne suka fi tsoratarwa. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yuli na 2016, aka kafa tashar Kaduna a Rigasa, unguwa mai cunkoson jama'a. Fasinja yakan yi tafiyar jirgi cikin sauƙi, amma ya sha wahala tsakanin tasha da tsakiyar gari, domin wasu daga cikin manyan titunan da za su haɗa wurin da sauran birnin sai a shirin sabunta Kaduna na 2019 aka sa su gaba. A Abuja ma, jirgin cikin gari da aka buɗe a 2018 ya zo da tashoshin da babu hanyar mota mai kyau zuwa wasu daga cikinsu, sai da aka gina hanyoyin kafin a sake buɗe shi a watan Mayu na 2024.

Babban darasi kuwa yana Mararraba. Taswirar Abuja ta 1979 ta tsaya ne a iyakar Birnin Tarayya, amma da gwamnati ta ƙaura can a watan Disamba na 1991, ƙananan ma'aikata da 'yan ƙwadago waɗanda ba za su iya biyan hayar cikin birni ba sai suka tsallaka iyaka zuwa yankin Karu, wanda yanzu yake Jihar Nasarawa. Babu wanda ya yanka masu tituna ko ya ja masu ruwa tukuna. Gidaje suka riga hanyoyi, kuma har yanzu jama'ar wurin suna biyan bashin wannan sakaci kowace safiya a kan hanyar Keffi. Aikin na Tarayya ne, nauyin kuwa ya faɗa a kan jiha da ƙaramar hukumar da ba su shirya ba.

To, wa ke da alhakin shirin? Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, ta kuma ba shi ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta raba aikin tsarawa tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya lissafa kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da kwashe shara a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Bugu da ƙari, gyaran da aka yi wa Tsarin Mulkin a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa da ta wutar lantarki. Saboda haka babu gwamnan da zai ce hannunsa a ɗaure yake.

Abu na farko da ya kamata a fara da shi shi ne fili, domin shi ne wanda in ya kuɓuce ba ya dawowa da arha. Da zarar an san inda tasha za ta zauna, dillalai za su riga kowa isa, su saye gonakin da ke kewaye, su yanka su awon igiya, ba tare da barin wurin titi ko kwata ko asibiti ba. Bayan shekara goma, hukumar da ke son faɗaɗa hanya sai ta rushe gidaje ta biya diyya mai yawa, ta kuma jawo wa kanta ƙiyayyar jama'a. Lalle ne hukumomin tsara birane na jihohin uku su tura ma'aikatan safiyo tun yanzu, su fitar da taswirar kewayen kowace tasha, su kafa duwatsun shaida a kan hanyoyi da filayen makarantu da kasuwa da maƙabarta, ko da kuɗin gina su bai samu ba tukuna.

A nan wajibi ne a kiyaye haƙƙin manomi. Dokar 1978 ta tanadi diyya ne a kan amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ba a kan darajar da filin zai yi gobe ba. Idan aka karɓe gonar mutum da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sa'an nan ya ga an raba wa manya fulotai a cikinta, to an shuka rigimar da za ta daɗe. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ware wa mai gona kasonsa na fulotai a cikin sabon tsarin, a kuma yi rabon a bainar jama'a, gaban hakimi da dagaci da masu unguwanni.

Na biyu shi ne ruwa. Yankin da layin ya ratsa yana da madatsun ruwa, irin su Tomas kusa da Dambatta, da Sabke a ƙasar Daura, da Ajiwa wadda Katsina ta daɗe tana sha daga gare ta, da ta Jibiya. Amma tara ruwa a madatsa dabam, kai shi bakin famfo dabam. Madatsar Zobe da ke Dutsin-ma, wadda aka gama a 1983, ta shafe fiye da shekara 30 kafin aikin tace ruwanta da jawo shi ya kai ga jama'a. Garin da yake dogara ga 'yan garuwa a yau ba zai iya ɗaukar sababbin unguwanni da masana'antu gobe ba. Daura, wadda aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a cikinta a watan Disamba na 2019, za ta karɓi ɗalibai da ma'aikata ban da baƙin jirgi, don haka lissafin ruwanta tilas ya haɗa da duka biyun.

Na uku shi ne hanyar kaya. Ribar layin tana ga hatsi da dabbobi da siminti da taki, kuma waɗannan ba sa kai kansu tasha. Sai an sami titi mai jure tirela tsakanin tasha da manyan kasuwanni irin su Dawanau da Mai'aduwa, da kuma tashar tsandauri ta Dala wadda aka ƙaddamar a watan Janairu na 2023. Sai an tanadi sito da filin ajiye manyan motoci da mashayar dabbobi. In ba haka ba, tireloli za su mai da titunan gari wurin kwanansu.

Akwai masu cewa bai kamata a zuba kuɗi a kan abin da ba shi da tabbas ba. Suna kafa hujja da rufe iyaka daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, da kuma matsalar 'yan bindiga a yankin Jibiya. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ta isa ta hana gina katafaren abu da bashi. Amma ba ta hana awon fili da zana taswira ba, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne. Ballantana ma ko jirgi ya yi jinkiri, jama'ar waɗannan garuruwa ƙaruwa suke yi, kuma ruwa da titi bukatarsu ce ta yau.

Abin da ya rage shi ne haɗa kai. Ya kamata jihohin Kano da Jigawa da Katsina su kafa kwamiti ɗaya, da wakilan Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya da ƙananan hukumomi da masarautu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, wanda zai tuntuɓi hukumomin Maraɗi a kan sha'anin iyaka. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, zai yi amfani a nan ne kawai idan kuɗin ya isa hannunsu kuma akwai tsarin da za a kashe shi a kai. Jama'a kuma suna da hanyar gane gaskiyar niyyar shugabanninsu: su duba kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma, su ga ko an ware wani abu domin taswirar kewayen tasha da ruwa da titin da zai kai gare ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ma'aikatan layin dogo ba za su dakata su jira kowa ba.