Waiwaye: yadda allon taba ya sauka a Sabon Gari

Zariya garin taba ne tun kafin 'yancin kai. Kamfanin taba na Najeriya ya kafa masana'anta a nan, manoman karkara suna noma masa ganye, magidanta da yawa a Sabon Gari da Muciya da albashinsa suka yi aure suka gina gidaje. Wanda ya tashi a shekarun 1970 zuwa 1980 ya san tallan sigari a allon bakin titi, a kalandar shagon tela, a rediyo. Yau yaron Muciya zai gama firamare bai taɓa ganin irin wannan allon ba.

Likitoci sun shekara suna faɗin illar taba, allunan suna nan daram. Sai da doka ta shigo suka sauka. A 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwali, aka hana busa hayaƙi a wasu wuraren taruwar jama'a. Aka bi a hankali har dokar 2015 ta rufe ƙofar tallan a fili. A 1990 ɗin ne kuma aka ɗaure tallan madarar gwangwani ta jarirai, wadda ta fara raba uwa da shayarwa.

Akwai wani aikin na zamanin ministan da iyayenmu mata suka fi riƙewa: ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Saƙo ɗaya ne, kayan haɗinsa suna cikin madafi, rediyo yana ta nanatawa. Mun cika yabon hikimar saƙon, muna mantawa da sa'ar da ya taka: babu wani mai kuɗi da yake biyan gidan rediyo don ya faɗi akasinsa.

Ma'aikaciyar lafiya ta yau ba ta da wannan sa'ar. Ranar awo ko ranar rigakafi takan ce wa uwa, "Maman yara, a rage musu zaƙi, a ba su wake da ganye." Uwa ta amsa da to. Amma ba uwar ake yi wa talla ba. Bi hanyar makaranta daga Muciya zuwa kasuwar Sabon Gari, ko bakin titin Samaru, ka ga inda aka rataya biskit, cingam, lemon leda da taliyar leda: daidai tsayin idon ɗan shekara bakwai. Jikin ledar zanen katun ne, farashin kuwa an yanka shi daidai kuɗin tara. Wasu kamfanonin har cikin makaranta suke shiga da kacici-kacici da kyautar jaka, shugaban makaranta yana godiya, don ba shi da mai ba shi ko alli. Kada a ce da can ba mu sha zaƙi ba. Mun sha alewa, gullisuwa da rake. Sai dai mai tallan alewa ba ta da mota mai lasifika, kuma kusa da farantinta akwai gyaɗa, aya, goriba da ƙuli-ƙuli.

Kwalbar lemo mai santilita 35 takan ɗauki sukari wajen cokalin shayi tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ya fi kyau babba ma kada ya wuce kamar cokali shida a yini. Tun 2010 hukumar ta nemi ƙasashe su taƙaita tallan irin wannan abinci ga yara. Ƙasar Chile ta amsa a 2016: baƙin tambari a gaban leda, an kori katun daga jikinta, an hana sayar da ita a makaranta. Mu kuwa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. A kwalba ɗaya naira uku da rabi ke nan, kuɗin da ko canjinsa ba a samu.

Idan za a auna aikin wayar da kai, a daina ƙirga fastocin da aka liƙa da tarukan da aka yi a otal. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello za su iya tsayawa ƙofar makarantun Muciya lokacin tara, su rubuta abin da ke hannun kowane yaro, su dawo bayan shekara su sake. Hukumar da za a kai wa sakamakon ba ta da nisa. Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da allunan talla, shaguna, kes-kes da wuraren sayar da abinci cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ƙaramar hukumar Sabon Gari tana da hurumin cewa daga ƙofar makaranta zuwa taku kaza ba a kafa tallan zaƙi. Abin da zai yi mata nauyi shi ne kuɗin shigan da allunan suke kawowa.