Araha Ba Ta Ado: Abin Da Faifan Ajiya Ya Koya Mini A Utako

  Kwana biyu kun ji ni shiru, wani abu ne ya same mu a shago, kuma shi nake so mu tattauna yau.

Baba yana sayar da atamfa da shadda a kasuwar Utako. Ni na matsa masa lamba mu mayar da lissafin shago cikin kwamfuta: sunayen masu bashi, rasit, da hotunan kaya. Na haɗa ƙaramin akwatin ajiya da ake jonawa da rauta, wanda ake kira NAS, na sa masa faifan ajiya guda ɗaya mai terabayit 8. Na gwanjo ne, na same shi kusan rabin kuɗin sabo a wani shago cikin gari, har ina yi wa kaina kirari. Wata bakwai ya yi, ran nan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ya fara ƙas-ƙas, shi ke nan. Da Baba bai ci gaba da rubuta bashi a tsohon littafinsa a ɓoye ba, da mun shiga uku. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai yaro, littafina bai taɓa neman wuta ba." Na ce, "Gaskiya ne Baba." Amma hotuna da rasit na wata bakwai sun tafi.

Ra'ayina yanzu shi ne: faifan da ya fi araha ba shi ne wanda ka biya kuɗi kaɗan ba. Ka raba kuɗin da yawan terabayit, ka sake rabawa da shekarun garanti, sannan ka kwatanta. Na gwanjo marar garanti, kai ne garantinsa.

Na farko, ba kowane faifai aka yi don aikin dare da rana ba. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera shi: Seagate, Western Digital da Toshiba, kuma kowanne yana da na NAS daban: IronWolf, Red Plus da N300. IronWolf da Red Plus an ƙiyasta musu aikin terabayit 180 a shekara da garantin shekara 3, na kwamfutar tebur kuwa yawanci terabayit 55 ne. Akwatin da ba a kashewa awa 8,760 yake aiki a shekara.

Na biyu, ka tambaya CMR ne ko SMR. Shi SMR ana jera layukan rubutunsa ne wani bisa wani kamar kwanon rufi, don ya ɗauki kaya da yawa. Matsalar ita ce in za a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa, sai ya yi nauyi daidai lokacin da ake kwafe bayanai masu yawa. A 2020 an gano wasu WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 SMR ne, masu saye suka yi ca, har kamfanin ya fito da sunan Red Plus don a bambance na CMR.

Na uku, ko mai kwali sai ka bincika. A farkon 2025 kafar labaran kwamfuta ta Heise a Jamus ta ba da rahoton yadda wasu dillalai suka sayar da faifan Seagate Exos da suka riga suka yi dubban awanni a matsayin sababbi, bayan an goge lissafin awannin. In haka ta faru a Jamus, ina ga mu? Ka sa a jona shi a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka ga awannin aikinsa da wuraren da suka lalace. Ka kuma duba lambarsa a shafin kamfanin ko garantin na nan. Amma in ka ga mai terabayit 8 ya nuna 7.27 a Windows, kada ka kama rigar mai shago. Bambancin ƙidaya ne kawai.

Wani zai ce, tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan waje sun yi tsada, ina talaka zai samu kuɗin sabo? Na yarda. Ban ce gwanjo haramun ba ne. In mai kaya ya faɗa maka gaskiyar shekarunsa, ka saya, amma ka sayi biyu. Gara masu terabayit 4 guda biyu da ke kwafar juna, wato RAID 1, da ƙato guda mai 8 shi kaɗai. Shago irin namu ma bai cika terabayit 2 ba. Son girma ne ya ja ni.

Kuma biyun ma ba su isa ba, domin gobara ko ɓarawo ko gogewa bisa kuskure duka za su kwashe. Yanzu duk Juma'a ina kwafe komai a wani faifai in tafi da shi gida. Na kuma sayi UPS, don a ƙasar nan duk mai ajiye bayanai ba tare da shi ba caca yake yi.

Littafin Baba kuwa yana nan, ni da kaina na saya masa sabon biro. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu dace, sai mun haɗu a rubutu na gaba.