Ba Kowane Aiki Ya Cancanci A Sa Masa Rana Ba

Duk wanda ya daɗe yana amfani da manhajar jera ayyuka a waya, Todoist ko Microsoft To Do, ya san jan rubutun da ke tarbarsa da safe: ayyukan da ranarsu ta wuce ba a yi su ba. Da farko abin yakan tayar da hankali, daga baya ido ya saba. Nan hatsarin yake, domin ranar da biyan kuɗin makarantar yara ya shiga cikin jajayen, ba za a bambance shi da gyaran ɗakin karatu ba.

A ganina laifin ba na manhaja ba ne. Mu ne muke sa wa kowane aiki rana don mu ji kamar mun fara shi. Alhali sa rana alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. David Allen, a littafinsa na 2001 kan tsara ayyuka, ya ba da shawarar kada a rubuta komai a kalanda sai abin da dole a yi shi a wannan ranar. Mutanen cikin birnin Zariya sun daɗe a kan wannan tsari ba tare da waya ba.

Dubi mai ɗinkin hannu da ke zaune a ƙofar zaure da babbar riga a cinyarsa. Aikin aska takwas yakan ci makonni. Rana ɗaya ya riƙe a ransa, ranar da mai riga zai karɓi kayansa, ta Sallah ko ta naɗin sarauta. Sauran aikin yana ɗaukarsa ne duk lokacin da ya sami sarari da hasken rana. Kwatanta shi da telan da ya sa wa kowane mai kaya jajiberin Sallah. Ranakunsa sun fi na kowa yawa, amma ba wanda ya yarda da ko ɗaya. Wayoyin da yawa daga cikinmu irin wannan tela ne.

Akwai kuma dalilin da ya shafi zamanmu. Ma'aikacin da ke fitowa daga Kwarbai ko Unguwar Juma zuwa Kongo, Samaru ko asibitin Shika yana da al'amura iri uku. Suna ranar bakwai ne, ɗaurin aure da zaman kotu da jarrabawa duk an yanke musu rana. Rubutun kundin digiri da ziyarar dangi ba su da rana. Jana'iza kuwa ba ta sallama: a sanar da safe, a yi sutura kafin Azahar, kuma ba a aika wakili. Wanda ya cika kowace sa'a ta yininsa da aiki, rasuwa guda ta isa ta rushe masa mako.

Saboda haka a raba jerin biyu. Na farko, abin da wani ke jira ko wanda zai lalace in ranar ta wuce. Shi kaɗai za a sa wa rana. Na biyu a bar shi ba rana, a yi masa alama da lokutan da birni ya saba da su: bayan Asuba, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha'i. Haka makarantun zaure ke tafiyar da karatu, littafi bayan littafi, ba tare da an tsayar da ranar kammalawa ba, kuma ana kammalawa. Manhajar Things ma ta ware gurbi na musamman ga ayyukan da za a iya yi kowane lokaci.

Mai ƙorafi zai ce aikin da ba shi da rana mutuwa yake yi, kuma yana da gaskiya. Gwajin hawan jini da gaishe da gwaggo mara lafiya su ne ake ɗagawa har a makara. Maganin shi ne bita: kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a buɗe jeri na biyu, a ɗauko abu biyu ko uku a ba su rana a makon gobe. Abin da ya yi wata uku ba a taɓa shi ba, ko dai a sa masa rana nan take, ko a goge shi.