Daga Bakin Rumfa: Mai shan maganin hawan jini, tashi a hankali

Fabrairu da Maris su ne watannin da zafin Kumasi yake kai maƙura, don haka yau maganata da masu shan maganin hawan jini ce. Mu da muka haye hamsin, daga Aboabo har Sawaba, ba mu da kaɗan a wannan layi.

Ga yadda abin yake. Da ka miƙe tsaye, jini zai gangara ƙafafu, sai zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su tsuke su turo shi sama. To, zafi buɗe jijiyoyin yake yi, gumi kuma ya rage ruwan jiki. Amlodipine shi ma buɗe jijiya ne aikinsa, bendro kuwa fitsari yake sawa. In waɗannan suka haɗu a kan Alhajin da ya wuni zaune a rumfa a Kejetia, ya tashi zumbur don ya tari mai saye, sai jiri, ido ya yi duhu. A wurin likitoci, idan lambar sama ta awon jini ta sauka da 20 cikin minti 3 da tsayuwa, abin dubawa ne.

Abin da nake roƙo, kar wanda ya ajiye magani da kansa don ya ji jiri. Ta nan shanyewar ɓarin jiki take shigowa. Ka koma wurin likita da kwalin maganin, shi zai rage ko ya canza. Kafin nan, ka riƙa shan ruwa, in ba likita ya ƙayyade maka ba. Daga kwance ka fara zama, ka motsa ƙafa, sannan ka miƙe. Haka ma tashi daga zaman tahiya.

Kwanciya ma tana da nata saƙon. Hajiya, in maigida ya daina iya kwanciya flat-flat, sai ya tara matasai ko ya kwana zaune saboda numfashi, ga ƙafafu a kumbure, kar ki ce gajiyar kasuwa ce. Mai yiwuwa zuciya ce ta raunana har ruwa yake taruwa a huhu. A kai shi Komfo Anokye, kar a jira ranar da babu ciniki.

Mai doguwar tafiya zuwa Bawku, duk inda mota ta tsaya, sauka ka taka. Zama wuri ɗaya yana iya daskarar da jini a ƙafa, gudan ya tafi huhu. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, asibiti nan take.

Da lafiya ake neman kuɗi. Allah ya ba mu ita, ya kawo kasuwa.