Idan Benen Masallaci Ya Rushe, Wa Zai Biya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a watan Yulin 2023 wani bene ya rufto cikin dare a birnin Duwala na Kamaru, ya danne gidan da ke maƙwabtaka da shi, mutane da dama suka rasu. Muna tuna wannan ne domin mu ma yanzu bene muke ginawa. Fili ya yi tsada a birane, masallatai sun koma hawa biyu, makarantun Islamiyya hawa uku, kuma yara ne ke cika su safe da yamma.

Kwanakin baya wani kwamitin masallaci ya kawo mana takardar kwangila da suka yi niyyar sa wa hannu da mai zanen gininsu. A can ƙasa akwai sharaɗi cewa da zarar ya miƙa zane, ba ruwansa da abin da ya samu ginin, kuma ko kotu ta kama shi da laifi, abin da zai biya ba zai wuce ladan da aka ba shi ba. Ladan zane kuwa ɗan ƙanƙane ne a kan kuɗin gini. Ma'anar sharaɗin ita ce, idan ya yi kuskuren lissafin ginshiƙi ko kaurin rodi, asarar ta jama'a ce.

Dokar madaniyya da Nijar da Chadi da yankin Kamaru mai amfani da Faransanci suka gada daga Faransa tana da sashe na 1792, wanda ya ɗora wa mai zane da ɗan kwangila lamunin shekara 10 idan gini ya rushe duka ko sashensa, ko da matsalar daga ƙasar wurin take. Sai dai tsohon rubutun bai yi magana a kan wanda ya yi wayo ya cire kansa da sharaɗi ba. Faransa ta toshe wannan ƙofa a 1978 da dokar da ake kira Spinetta, inda ta ce duk sharaɗin da ya kore wannan lamuni ko ya rage shi, ana ɗaukarsa kamar ba a rubuta shi ba. To amma 1978 ta zo ne bayan ƙasashenmu sun samu 'yancin kai, don haka gyaran bai shigo mana kai tsaye ba. Masar ta riga ta: dokarta ta 1948, wadda Abdurrazzaƙ As-Sanhuri ya jagoranci rubutawa, ta sa lamunin shekara 10 a sashe na 651, ta kuma ɓata duk sharaɗin kauce masa a sashe na 653.

Ɗalibanmu kada su zaci wannan fikirar Turawa ce. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta kan mas'alar lamuntar da masu sana'a. A asali wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci. Amma Imam Malik ya ware masu sana'ar da suka kafa kansu don yi wa jama'a aiki, irin su maɗinki da marini, ya ce su biya, domin mutane ba su da makawa sai sun je wurinsu, kuma ba sa ganin abin da ake yi a bayan idonsu. Mukhtasar na Shehu Khalil ya ƙara da cewa lamunin yana nan ko da mai sana'ar ya sharɗanta cire shi. Ash'habu ya saɓa, yana ganin sharaɗin yana amfanar mai shi, amma ba maganarsa ce mashhuriya a mazhaba ba. Gaskiya ne malamanmu suna magana ne a kan kaya da aka bari a hannun mai sana'a, ba zanen gini ba. Sai dai illar ɗaya ce, har ma ta fi ƙarfi a nan: mai riga yana iya duba ɗinki, amma wane ne cikin dattawan kwamiti zai iya duba lissafin injiniya? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 14 a Doha a 2003, ta yanke cewa ba a karɓar sharaɗin kore lamuni daga ɗan kwangila, amma ya halatta a ƙayyade wa lamunin lokaci.

Akwai kuma abin da ya keɓanci kwamiti. Kuɗin da ke hannunsu waƙafi ne, da sadakar 'yan kasuwa da ta tsofaffin mata da ke jefa dala biyar a akwati ranar Juma'a. Mutum yana iya yafe haƙƙinsa, amma wakili ba ya yafe haƙƙin wanda ya wakilta shi. Kuma ko da mai gini ya yafe, wannan bai shafi magadan wanda rufi ya faɗo wa a sahu ba, tun da ba su sa hannu a takardar kowa ba.

Dole mu yi wa masu zane adalci, domin tsoron da ke sa su rubuta wannan sharaɗi ba a banza yake ba. Sau nawa aka karɓi zanen hawa ɗaya, bayan shekara biyu wani attajiri ya ba da gudummawa, aka ɗora hawa na biyu ba tare da an koma wa injiniya ba? Sau nawa aka sallame shi don gudun biyan kuɗin sa ido, aka bar birkila yana rage siminti? Dokar Masar ma ta lura da haka a sashe na 652: wanda ya yi zane kawai, ba a ɗora masa kula da aiki ba, aibin zanen kaɗai ake tambayarsa. Wannan iyaka ce ta gaskiya, kuma fiƙihu bai ƙi ta ba, domin ba a lamuntar da mutum ɓarnar da wani ya yi.

Abin da muka ce wa wancan kwamiti shi ne su soke sharaɗin, su rubuta ƙarara cewa mai zane yana ɗauke da lamunin ƙarfin ginin na shekara 10, su nemi ya nuna takardar inshorarsa ta aiki, su kuma kai takardar wurin lauya ya duba ta da dokar ƙasar. Su ma su ɗaure kansu a rubuce cewa ba za a ƙara hawa ko a canza rodi ba sai da sa hannunsa, kuma su biya shi ya riƙa zuwa wurin aiki ranar zuba kankare. Wallahu a'alam.