Nas Ta Makaranta Da Ƙarin Ilminta

Duk uban da ya ɗauki ɗansa ya kai shi makarantar kwana, amana biyu ya danƙa wa hukumar makarantar, watau karatun yaron da kuma ransa. Amanar farko kowa na sa mata ido. Akwai sufeto, akwai jarrabawa, akwai takardar sakamako wadda uba zai karanta ya yi murna ko ya yi faɗa. Amma ta biyun, wadda ita ce babba, a makarantu da yawa an bar ta ga wani ɗan ɗaki a ƙarshen gini, mai gado biyu da akwatin magani wanda rabinsa wofi ne, mabuɗinsa kuwa yana aljihun malamin da ke kan aiki a wannan mako. Wannan ɗaki, da wanda ya kamata ya zauna cikinsa, su ne abin da mu ke so mu jawo hankalin malamai da akawuna a kansa yau.

A watan Fabrairu na 2024 Gwamnatin Jihar Yobe ta tabbatar da rasuwar ɗalibai 20 a makarantun kwana na wajen Potiskum da Fika da Fune, ana zaton sanƙarau ne. Wannan ciwo kuwa ba baƙo ba ne a Arewa. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya komo, ya kama sama da 14,000, fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Lokacinsa sananne ne, daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da iska ta bushe ƙura ta tashi. Wurin da ya ke so shi ma sananne ne, watau ɗaki mai cunkoso da ƙarancin taga, irin ɗakunan kwanan yaranmu. Yana iya kashe yaro cikin yini da dare ɗaya. Sabo da haka in yaro ya tashi da tsakar dare da zazzaɓi da ciwon kai da amai, wuyansa ya sage, ransa ya rataya ne ga mutumin farko da ya dube shi. In wannan mutum ya san abin da ya gani, za a nemi mota nan take. In bai sani ba, sai a ba yaro ƙwaya biyu a ce ya kwanta sai da safe.

Aikin nas a makaranta ba sabon abu ba ne a duniya, kuma an daɗe da gwada amfaninsa. A birnin Niyok na Amurka, tun 1897 likitoci ke zagaya makarantu suna duba yara. Duk wanda aka samu da ƙazwa ko kwarkwata ko ciwon ido sai a kore shi gida da 'yar takarda. Iyayen kuwa baƙi ne matalauta, da yawansu ba su iya karanta Turanci ba, ba su kuma da kuɗin likita. Yaro sai ya zauna a titi, da yamma ya yi wasa da waɗannan yaran da aka raba shi da su da safe. Ciwo bai ragu ba, karatu kuwa ya tafi. A watan Oktoba na 1902, bisa shawarar Lillian Wald, aka sa wata nas mai suna Lina Rogers ta yi gwajin wata ɗaya a makarantu huɗu masu yara wajen 10,000. Ƙananan cututtuka ta yi maganinsu nan cikin makaranta, waɗanda aka kora kuwa ta bi su har gida, ta nuna wa iyaye mata abin da za su yi. Da hukuma ta ga sakamako sai ta ɗauki ƙarin nas 12. A Satumba na 1902 yara 10,567 aka kora daga makarantun birnin sabo da rashin lafiya. A Satumba na 1903 guda 1,101 kaɗai aka kora.

Mu ma a nan ba a rasa takarda ba. Tun 2006 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa game da lafiya a makarantu, wadda ta ƙunshi duba lafiyar yara, da tsabtar muhalli, da ciyarwa, da koyar da kiwon lafiya. Dattawa kuma na tune da zamanin En'e, sa'ad da malami ke jera yara kowace safiya ya duba farce da haƙori da kai, dubagari kuma ya leƙa rijiya da salga. To, amma ko da an sami nas an ajiye ta a kowace makaranta gobe, rabin aiki kaɗai aka yi. (Mun ce “ta” don sauƙin magana ne, gama mun sani a makarantun maza da yawa namiji ne ke riƙe da aikin.) Sauran rabin shi ne ilminta, domin ilmin magani tsufa ya ke yi, kuma da sauri.

A dubi zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne ke kai yawancin yara ɗakin shan magani. Nas da ta gama makaranta a 1995 an koya mata ta ba da kulorokwin. Ƙwayar cutar ta daina jin wannan magani, har a 2005 Nijeriya ta sauya zuwa haɗin magani mai atimisinin. Bayan haka aka ce kada a ba da magani sai an gwada jini, da ɗan gwajin nan na yatsa wanda bai wuce minti 20 ba. Mai tsanani kuma, wanda da a ke yi wa kunini, yanzu allurar atesunet a ke fara yi masa. Sanƙarau ma haka. Rigakafin da aka fara a 2011 ya karya lagon nau'in A, amma wanda ya yi ɓarna a 2017 nau'in C ne, kuma sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Nas da ba ta sami labari ba za ta iya kwantar wa shugaban makaranta da hankali cewa an yi wa yaransa rigakafi, alhali kuwa nau'in da ya shigo garin dabam ne.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 ya ɓarke, Kano ce ta fi shan wahalarsa, kuma yara masu shekarun makaranta waɗanda ba a yi wa rigakafi ba su ne ya fi kamawa. Ma'aikatan jinya da yawa a littafi kaɗai suka san shi. Farkonsa kuwa kamar ciwon maƙogwaro ne na yau da kullum. Sai wanda aka nuna wa zai buɗe bakin yaro ya nemi wannan fata mai ruwan toka da ke rufe maƙogwaro, ya lura da kumburin wuya, ya keɓe yaron daga 'yan'uwansa, ya aika da labari a ranar.

A kuma tuna fa nas ta makaranta ita kaɗai ce. Ta asibiti tana da likita kusa, da sista a samanta, da abokan aiki da za ta tambaya. Ta makaranta ba ta da kowa sai malamai, waɗanda sun fi ta sanin lissafi da nahawu amma ba su san wannan fanni ba. Ita ce za ta gane cewa yaron da a ke duka don ragwanci sikila gare shi, a ƙasar da a ke haifar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo kowace shekara. Ita ce za ta gane yarinyar da a ke kira daƙiƙiya ba ta ganin allo ne daga bayan aji. In mai farfaɗiya ya faɗi, ita za ta hana a cusa masa cokali a baki, ta kwantar da shi ta gefe, ta kuma gaya wa yara ba a ɗaukar ciwon ta wurin miyau. Akwai kuma lalurorin 'yan mata waɗanda ba za su taɓa faɗa wa malami namiji ba. Wannan duka fanni ne mai zaman kansa, kuma shekarun da aka yi a ɗakin masu jinya ba su koya wa mutum shi gaba ɗaya.

Gaskiya ne Hukumar Ma'aikatan Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya ta wajabta wa kowace nas halartar kwas na ƙarin ilmi kafin a sabunta mata lasin. Wannan doka ce mai kyau. Amma kwas ɗin na kowa da kowa ne, kuma wadda ke can makarantar ƙauye sau da yawa ita ce ke biyan kuɗin mota da masauki daga albashinta, in ma shugaba ya yarda ya sake ta. Abin da mu ke roƙo shi ne Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya a kowace jiha su haɗa kai su shirya kwas na musamman ga nas-nas na makarantu kowace shekara cikin dogon hutu, sa'ad da yara ba su nan, kuma kafin hunturu ya shigo. A haɗa da mako ɗaya ko biyu a ɗakin yara na babban asibiti, domin ido ya ga abin da kunne ya ji. Wadda ta halarta kuma a lissafa mata shi wajen ƙarin girma. Muddin ana ganin aikin makaranta wurin ajiye wadda ta gaji ne ko wadda ta yi laifi, ƙwararru ba za su nemi zuwa ba.

Za a ce mana ina nas ɗin su ke? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. A 2024 Hukumar da kanta ta bayyana cewa nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, asibitoci ma kuka su ke yi. To, sai a fara da makarantun kwana, inda yaro ba shi da uwa kusa. Makarantun jeka-ka-dawo a haɗa su rukuni-rukuni, ma'aikacin lafiya daga asibitin ƙaramar hukuma ya riƙa zagaya su a ranaku sanannu. Inda ba a sami cikakkiyar nas ba a sa ma'aikacin lafiyar al'umma, muddin akwai nas da ke duba aikinsa, kuma shi ma a kai shi kwas ɗin. Malami ɗaya ko biyu kuma su koyi taimakon gaggawa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a miƙa wa ɗalibi mai muƙami mabuɗin akwatin magani a ce an yi tanadi.

Shugabannin makarantu kuwa muna roƙonsu su bar nas ta yi aikinta. Kada a mai da ita mai awon hatsi ko mai tsaron ƙofa. A ba ta littafi ta rubuta sunan kowane yaro da ya zo, da ɗakin kwanansa, da abin da ya kawo shi, shugaba kuma ya sa hannu kowane mako. Akawuna sun fi kowa sanin amfanin rajista. Yara uku daga ɗaki ɗaya da zazzaɓi da ciwon kai cikin kwana biyu, littafin ne zai tona. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma sanƙarau da mashaƙo suna cikin waɗanda ko mutum ɗaya aka yi zato tilas a sanar nan da nan. Ya kamata lambar wayarsa ta kasance a manne a bangon ɗakin shan magani, a kuma san tun da rana motar wa za a tasa in abu ya faru da dare.

Saura akawuna masu shirya kasafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin baɗi kafin ƙarshen bana a ke rubuta shi, kuma abin da ba a ba shi layi ba a takarda ba za a sami kuɗinsa ba a watan Agusta. Muna so mu ga layi uku a ƙarƙashin kowace makarantar kwana: na magani da kayan gwajin jini, na man motar kai marar lafiya asibiti, da na kwas ɗin nas tare da kuɗin motarta da masaukinta.