Gwanintar Paganini: Aikin Hannu Ne, Ba Na Shaiɗan Ba

Da Niccolò Paganini ya rasu a birnin Nice a 1840, hukumomin coci suka hana a binne shi a maƙabartarsu, sai a 1876 gawarsa ta sami makwanci a Parma. Hujjar da aka bayar ita ce ya cika ba tare da limamin coci ya yi masa addu'ar ƙarshe ba. Amma akwai jita-jitar da ta daɗe tana bin sa, wai ya sayar wa Shaiɗan ransa domin ya gwanance da gogen Turawa. Har yau wannan tatsuniya ake fara kawowa in an ambaci sunansa, alhali kuwa rage masa daraja take yi.

Babbar shaida a kan ƙaryar zancen ita ce littafin da kamfanin Ricordi ya buga masa a Milan a 1820, mai ɗauke da kaɗe-kaɗe 24 da ake kira Capricci. Goge ɗaya tilo ake kaɗa su da shi, babu wani abin kiɗa da zai rufa wa makaɗi asiri in ya yi tuntuɓe. Gogen Hausa tsirkiya ɗaya gare shi, na Turawa huɗu, kuma kowane kiɗa a littafin yana tsananta wa hannu a kan wata wahala ta musamman. A na farko, izgar da ake gogawa da ita tsalle take yi a kan tsirkiyoyin huɗu, kai da komowa. A na tara, ana goga biyu a tare don kwaikwayon sarewa da ƙahon mafarauta. Na 24 gajeren sauti ne da aka juya sau 11, kuma a juyi na tara yatsun hagu, masu danne tsirkiya, su ne kuma ke fizgar ta.

Tsafi ba ya rubutuwa a takarda har wani ya koya. Franz Liszt ya gane haka da ya ji Paganini a Paris a 1832: ya koma ya tsare kansa da atisaye a kan fiyano, har ya zama gwanin zamaninsa. A 1947 Ruggiero Ricci ya naɗi dukkan kaɗe-kaɗen a faifai, kuma tun 1954 matasa ke karawa a gasar da ake yi da sunan Paganini a Genoa, garin haihuwarsa. Abin da aka ɗauka aikin aljannu ne ya zama darasin makaranta.

Akwai masu sukar cewa littafin alkafura ce ta yatsu, babu abin da yake taɓawa a zuciya. Ba su rasa gaskiya ba ɗungurungum, domin akwai makaɗan da ke mayar da shi tseren gudu. Sai dai laifin na mai kaɗawa ne. Brahms ya gina babban aiki a kan sautin na 24. A 1934 kuma Rachmaninoff ya kifar da shi, inda yake hawa ya sa ya sauka, ya rage masa sauri, sai ga ɗaya daga cikin sautukan da aka fi ƙauna a duk ayyukansa. Da babu kitse a cikin ƙashin, da waɗannan manya ba su tsaya fasa shi ba.

Illar tatsuniyar a kan ɗalibi take faɗawa. Wanda ya yarda cewa gwaninta kyautar iskoki ce, da yatsu sun fara zafi zai ajiye goge ya ce ba rabonsa ba ne. Paganini bai sadaukar da littafin ga wani sarki ko attajiri ba, ga makaɗa 'yan'uwansa ya sadaukar da shi. Mutum ba ya yin haka sai ya san cewa wani hannun zai iya kaiwa inda nasa ya kai.